Wayar Malama a Hannun Inna

Shafi na 17

Masu aiko da "a ƙaro, a ƙaro", ga shi nan. Masu karantawa su goge baki su wuce ko sannu babu, ku ma ina ganinku.

*

Inna ta zauna a kujerar roba ta asibitin, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda gwiwa, ta shiga ƙare wa marasa lafiyar kallo ɗaya bayan ɗaya.

Marasa lafiya wai.

Ba mai tari, ba mai bandeji, ba wanda aka riƙo. Kowa tsaf da shi, kaya a goge, takalmi na ƙyalli, kamar masu jiran a kira su ɗaukar aiki. Sai dai duk sun yi tsit, ido a ƙasa.

Kwana tara ke nan da aka tsinci babbar 'yarta, Malama, mataimakiyar shugaban makaranta, zaune cikin mota a bakin ƙofar makarantar tun bakwai na safe har azahar. Hannu a kan sitiyari, ta kasa buɗe ƙofa ta fito. An auna jini, an auna zuciya, an zura kanta cikin na'ura, ba a ga komai ba. Ƙarshe aka turo su nan, wurin likitan ƙwaƙwalwa. Yau likita ta ce a zo da babba daga gida. Za ta rubuta mata hutun wata uku, amma sai na gida ya sa hannu cewa za a sauke mata komai. In ba a sa ba, Litinin ta koma aiki.

Inna ba sa hannu ya kawo ta ba. Ta zo ne ta janye 'yarta daga wannan shirmen kafin magana ta fita a ce 'yarta ta taɓu.

Ta waiwayi mijin Malama, wanda take kira Ruwan Sanyi a bayan idonsa.

"Kai, wai duk waɗannan ciwonta gare su?"

"Eh, Inna. Gajiya ce."

"Gajiya."

Ta ja tsaki har wani mai farar riga ya firgita a kujerarsa.

"Na haifi shida, na binne biyu, na yi shekara ashirin ina wankin kayan mutane har fatar hannuna ta tsage. Ba wanda ya taɓa yankar mini kati don na gaji."

"Haka ne, Inna."

"Kai kam komai haka ne."

Malama na gefe. Waya na hannunta, ta riƙe ta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ta kife ta a cinya, ta juya, ta duba, ta sake kifewa. Idon nan ya faɗa ciki, ɗankwali ya zame ba ta ma sani ba.

Matar da ke zaune a ɗaya gefen Inna ta cusa auduga a kunne biyu. Inna ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Baiwar Allah, kunne ke ciwo?"

Matar ta zare auduga ɗaya.

"A'a, Mama. Ƙara ce ba na iyawa. Ko cokali ya faɗi sai in ji kamar an mare ni."

"Ikon Allah. Aikin me kike?"

"Ungozoma ce. Shekara ashirin da biyu."

"Kin sha kukan jarirai shekara ashirin da biyu, yau kuma cokali ya fi ƙarfinki?"

Matar ta yi murmushi, ko haushi ba ta ji ba.

"Ni ma da haka nake cewa in an ba ni labari. Sai ran da na tsaya a mararraba na rasa wace hanya ce ta gidana. Gidan da na aurar da 'ya biyu a cikinsa."

"Hmm."

"Kin ga wancan mai farar rigar? Sito yake riƙe wa wani kamfani, aikin mutum uku. Yanzu layi ɗaya sai ya karanta sau goma bai shiga ba. Waccan mai baƙin mayafin, mahaifiyarta ce ɓarin jiki ya shanye, shekara shida ita ke juya ta, ga aikin ofis. Kin lura duk mun zo tun kafin lokacinmu? Likita ta ce malalaci ba ya zuwa nan."

"Likita ta san inda abincinta yake," in ji Inna. "Da ta ce muku malalata, wa zai dawo?"

Ana haka wata ma'aikaciya ta zo wucewa, takardu suka zube mata. Kafin ta sunkuya mutum biyar sun zabura, har da Malama, suna tsince mata, kowa na faɗin "yi haƙuri, yi haƙuri" kamar su suka zubar.

Inna ta taɓe baki.

"Ka ga marasa lafiya. Sun fi masu lafiyar zafin nama."

Sai ƙofa ta buɗe, likita ta fito. Wata 'yar siririya mai tabarau, ko autan Inna ya girme ta.

"Ina kwana, Mama. Ke ce mahaifiyarta?"

"Haka aka ce."

"Zan shiga da ita na awa ɗaya. Amma a nan muna da ƙa'ida. Waya ba ta shiga, kuma ba kashe ta ake yi ba. Na gida ake ba wa. Duk wanda ya kira ya ɗaga, ya ji abin da ake so, in mun fito ya faɗa mini."

"Ga mijinta nan."

"Shi ya riƙe wancan makon. Minti ashirin ya yi ya kashe ta."

Ruwan Sanyi ya shiga duba takalminsa.

"Ga takarda da biro, Mama, ko wani zai..."

"Riƙe abinki. Ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnen nan bai taɓa fita ba."

Malama ta miƙe, waya a ƙirji.

"Likita, yau ake shigar da sunayen 'yan jarrabawa. In shugaba ya kira..."

"Mama za ta ji."

"To bari in kashe kawai. Ba komai. Inna ba ta saba da irin wannan wayar ba, za ta wahala."

Inna ta ɗago ta dube ta. Wannan muryar ta san ta. Ita ce muryar da yarinyar ke yi tun tana 'yar shekara bakwai in ta ɓoye abu a bayan zane.

"Kawo nan."

"Inna, wallahi ba..."

"Na ce kawo. Me ke ciki, zinariya?"

Ta fizge. Likita ta ja Malama ciki, aka rufe ƙofa.

"Koren za ki ja, Inna," in ji surukin. "Ko dai ki kawo in riƙe miki?"

"Na san kore."

"To bari in duba mota, kamar ban rufe ba."

Ya sulale. Namiji ke nan.

Ko minti biyu ba a yi ba wayar ta hau rawa. Inna ta ja ƙafa zuwa bakin taga saboda mai audugar kunne, ta ja kore, ta buɗe baki za ta yi sallama.

Ba a ba ta fili ba.

"Malama, sunayen nan ba su cika ba, aji uku babu. Kuma masu duba makaranta gobe za su zo, ki shirya jadawalin ki turo kafin la'asar. Malamin lissafi ma bai zo ba, na ce ke za ki riƙe ajinsa Litinin. Na gode."

Ƙit.

Inna ta sauke wayar ta dube ta.

"Wannan wane marar tarbiyya ne? Ko sallama?"

Ta sake rawa. Maƙwabciya ce, tana so a rubuta wa ɗanta takardar neman aiki. Inna "uhm" kawai ta samu ta ce, matar ta yi godiya ta kashe. Sai ƙanwar surukin, tana tambaya ko an ɗinke mata maganar da ta ce a yi wa mijinta. "Uhm." Ita ma ta kashe.

Nan Inna ta gane wani abu. Ba wanda ke jiran ya ji wa ya ɗaga. Da jaki ne ya ɗaga, zuba masa za su yi su wuce.

To shi ke nan. Tsohuwa ta gyara tsayuwa. Tunda "uhm" ya ishe su, "uhm" za su samu.

Kira na huɗu, muryar da ta fito daga cikinta ce. Mai Ɗinki, 'yarta ta uku.

"Yaya, kina ina ne tun ɗazu? Ki biya ki ɗauko mini yara in an tashi, ina da kayan amarya a kan keke. Yauwa, kuma don Allah in kin kai wa Inna abu da sunana ki riƙa gaya mini mana. Miyar wancan makon, ta kira ni tana ta yabo, wai me na sa. Na rasa abin faɗa, na ce sirri ne. Saura kaɗan ki tona ni. Kin ji?"

"Uhm."

"Muryarki ta dushe. Ki sha ruwan ɗumi. Kar ki manta yaran."

Ƙit.

Inna ta nemi bango ta jingina.

Ga yadda abin yake. Shekara huɗu da suka wuce, da mai gidanta ya rasu, 'ya'yan huɗu suka zauna suka raba wata. Mako ɗaya na Malama, ɗaya na Injiniya, ɗaya na Mai Ɗinki, ɗaya na Auta. Mai mako shi ke da cefane, da magani, da wanki, da kai ta asibiti. Inna kuwa ba ta mance alheri, ba ta mance rashinsa. Tambaye ta wa ya aiko da me a makon da aka yi ruwan ƙanƙara shekara uku baya, za ta faɗa maka har launin ledar.

Makon ƙannen nan uku kullum tsaf. Mai tasi ya tsaya a ƙofa ya sauke kaya, ya ce "in ji Injiniya", ko "in ji Mai Ɗinki", ko "in ji Auta". Makon Malama ne kaɗai ke zuwa a makare. Ita da kanta take shigowa, fuska a yamutse, ta manta wannan, ta manta wancan. Sau nawa Inna ta tsare ta gaban ƙannenta ta ce, "Ke ce babba, amma ke ce ta baya. Ki koyi da ƙannenki."

Miyar nan kuwa har maƙwabta ta ɗebar wa, tana cewa hannun Mai Ɗinki ya wuce na yayarta nesa. Alhali hannun Malama ne, ita ta koya masa riƙe ludayi. Ta ci girkinsa shekara talatin. Aka sauya masa suna kawai, ta kasa gane shi.

Wayar ta sake rawa. Ƙarar motoci a baya. Injiniya.

"Yaya, an ce kin je ganin likitan ƙwaƙwalwa? Allah ya sawwaƙe. Amma don Allah kar ki bari a rubuta miki wani abu a fayil, kin san mutane, sai a ce a gidanmu akwai taɓi. Gajiya ai kowa na yi. Af, Alhamis ɗin sama makona ne, ranar likitan idon tsohuwa. Ki kai ta, ki ce taro ya riƙe ni, ni na roƙe ki. Ki haɗa mata da 'ya'yan itace kamar kullum."

"Uhm."

"Yauwa babbar yaya. Sai ke."

Ƙit.

Sai a ce a gidanmu akwai taɓi. Maganar da ta fito da ita daga gida ke nan da safe, kalma da kalma. A bakinta ta yi mata daɗi. A bakinsa sai ta ji ta kamar amai.

Shugaban makaranta ya sake kira, wai ya manta, har da rahoton ɗakin gwaji. Inna ko "uhm" ɗin ba ta ba shi ba, bai lura ba.

Ta tsaya tana kallon wayar. Saura ɗaya. A ranta tana cewa, shi dai ba zai kira ba. Shi yana can garin da kamfaninsu ya kai shi, tafiyar yini guda, aiki ya sha masa kai, amma duk da haka makonsa bai taɓa makara ba. Auta daban ne. Auta ita ya biyo.

Wayar ta yi rawa.

"Yayata ta kaina! Uwa ba da mama!"

Muryar Auta ce. Inna ta laluba kujera ta zauna.

"Yaya, makona muke ciki fa. Kin aika wa tsohuwa magungunanta? Kin san tsohuwarki da riƙo, abu ya makara kwana ɗaya sai ta ɗaure shi a bakin zane har lahira. Ki sa mai tasin ya ce daga tasha ya karɓo. Kuma wai bargon da na aika mata wancan watan wace kala ce? Jiya ta tambaye ni, na ce layi ba kyau na kashe."

Ya ƙyalƙyale da dariya.

Bargon shuɗi ne. Yana kan gadonta a ninke. Ta hana jikoki ko zama a kai.

"Yaya? Kina ji?"

Bakin Inna ya cika da magana har tana jin ɗacinta. Wata uwar da nan take za ta fashe, ta kwarara masa ashar, ya kashe waya ya je ya shirya ƙarya. Inna ba irin wannan ba ce. Ta haɗiye.

"Uhm."

"Shuɗi ne ko? To shuɗi zan ce. Allah ya bar mana ke."

Ƙit.

Ungozomar ta leƙo fuskarta.

"Mama, lafiya? In kawo miki ruwa?"

"Zauna, ke. Ke ma ga ki nan, ba ki da lafiya kina neman wanda za ki yi wa hidima."

Da awa ta cika aka kira su. Ruwan Sanyi ya ɓullo daga inda ya maƙale, ya biyo bayanta. Ofis ɗin ƙarami ne, tebur, kujera huɗu, kwalin takardar goge hawaye. Malama na zaune a bakin kujera. Tana ganin fuskar uwarta ta runtse ido.

"Mama, mutum nawa suka kira?"

"Kira bakwai, mutum shida. Shugabanta sau biyu, kuma a gaya masa na ce ba a raine shi ba."

"Nawa suka tambayi lafiyarta?"

"Ɗaya ya ce Allah ya sawwaƙe, bai jira amin ba. Ɗaya ta ce ta sha ruwan ɗumi."

"Me suke so?"

Inna ta zayyano su tiryan-tiryan, daga aji uku har kalar bargo, ko ɗaya ba ta tsallake ba. Likita tun tana rubutawa har ta ajiye biro.

Sai Inna ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci 'yarta.

"Ke. Buɗe idon nan."

Ta buɗe.

"Tun yaushe?"

"Inna, ba komai ba ne, ɗan taimako ne kawai..."

"In kika sake ce mini ba komai, wallahi sai na tashi na bar ɗakin nan. Tun yaushe?"

"Tun wata na biyu."

"Duka ukun?"

"Injiniya ya fara, ya ce in riƙe masa sau ɗaya. Sai Mai Ɗinki ta haihu. Sai Auta..."

"Shekara huɗu. Kin mai da ni sakarya shekara huɗu. Ina ɗaga hannu ina sa wa ƙatti albarka a kan abin da ko kalarsa ba su sani ba. Ina tara maƙwabta ina fahariya. Ashe duk unguwa ni ce abar dariya."

"Ba wanda ya sani, Inna."

"Wancan fa?"

Ta nuna surukin da haɓa.

"Na yi ta gaya mata, Inna..."

"Rufe mini baki. Ka yi ta gaya mata. Ni ba ka san hanyar gidana ba? Ƙafarka ce ta shanye ko harshen?"

Ta koma kan 'yarta.

"Me ya sa?"

Malama ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Na san halinki. In kika gane sun yar da ke, ba za ki taɓa yafe musu ba. Na ji tsoro ki yi musu baki."

"Ke fa? Wanda na yi ta yi miki gabansu fa?"

"Ni na saba."

Inna ta buɗe baki, ta rufe. Ita da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ko a gidan rasuwa ko a gidan biki.

Likita ta gyara tabarau.

"Mama, irin waɗanda muke gani ke nan. Ba raggwaye ba ne. Waɗanda kowa ya jingina da su ne, shekara da shekaru, a wurin aiki da gida lokaci ɗaya. Barci ke fara tafiya, sai mantuwa, sai bugun zuciya da jiri. Ba sa zuwa da ƙafarsu, sai jiki ya tsaya cak. Kuma in aka mayar da su da wuri..."

"Ke 'yar nan, ajiye karatunki. Ina ake dangwalawa?"

Malama ta zabura.

"Inna, a'a! Jarrabawa saura mako uku, yaran nan ba su da kowa. Bari in gama wannan zangon kawai, daga nan..."

"Shugaban naki gunki ne? Ya yi."

"Yaran Mai Ɗinki ma an kusa tashi..."

"Uwarsu na da ƙafa biyu, ni na haifa mata su."

Likita ta turo takarda da tawada. Inna ta danna babban yatsa da ƙarfi har tebur ya motsa. Ta ɗaga wayar Malama, ta zura ta cikin lalitarta, ta ɗaure.

"Wannan kuma ta zama tawa sai bayan wata uku."

"Saura abu ɗaya," in ji likita. "Hutun ba ya aiki sai da wuri mai shiru. Ɗaki nata ita kaɗai, ba mai ƙwanƙwasa mata."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Gidanta ɗaki uku ne, daga ita sai shi sai yara biyu. Ni kuma ba za ta ƙara jin ɗuriyata ba. Makon Auta muke ciki, ko? Gobe a sa ni a mota, can zan tare. Ya ga yadda ake wanke zanen tsohuwa da hannu. Na gama da shi in wuce gidan Injiniya."



Ruwan Sanyi ya dubi matarsa. Matarsa ta dubi ƙasa.

"Me kuma?"

"Inna..."

"Na ce me kuma?"

Sai ga hawaye. Tun da aka tsince ta a mota ba ta yi kuka ba sai yanzu.

"Auta ba ya can, Inna. An sallame shi daga aikin. Wata takwas ke nan."

"Yana ina?"

"Gidana."

"Gidan wa?"

"Shi da matarsa da yaran uku. Ya ce kwana goma ne kafin ya samu wani, kar a gaya miki. Ɗakin baƙi ya yi musu kaɗan, sai na ba su namu."

"Ku kuna ina?"

"Shi yana ɗakin baƙin da yaranmu maza. Ɗayan ɗakin kayan su Auta ne a ciki. Ni falo."

Wata takwas. Wata takwas duk ran da Inna ta ce za ta leƙo gidan sai a ce ana fenti, ko famfo ya fashe, ko bari mu zo da kanmu. Wata takwas tana kiran ɗan nan tana tambayarsa ya sanyin garin, yana ce mata da sauƙi, alhali tsakaninta da shi tafiyar minti ashirin ce.

Ba ta yi ihu ba. Ta zaro takardar goge hawaye daga kwalin, ta goge tawadar yatsanta a hankali, ta ninke, ta ajiye a tebur. Ta kwance makullin gidanta daga bakin zane, ta kamo hannun Malama ta danƙa mata.

"Ɗakina za ki. Ki rufe da sakata. Ko ni na ƙwanƙwasa kar ki buɗe."

"Inna, don Allah, yana da yara ƙanana, ba shi da inda..."

"Ban tambaye ki ba."

Ta juya ga surukin.

"Kai, tashi. Ka sauke ta, ka wuce da ni. Miƙo wayarka."

"Inna, ai ni ba zan..."

"Miƙo. Na san irinku, tausayi ya kama ka a hanya ka tura masa saƙo."

Ya miƙa. Ta haɗa da ta matarsa a lalita.

Sun sauke Malama a gidan Inna, tsohuwa ba ta bari mota ta motsa ba sai da ta ji ƙarar sakata da kunnenta. Daga nan suka nufi gidan Malama. Wayar Malama ta yi rawa sau huɗu a lalita, tsohuwa ko kallo.

A ƙofar gidan surukin ya zaro makulli.

"Mayar," in ji Inna. "Yaya take yi in ta dawo da kaya niƙi-niƙi a hannu?"

"Da ƙafa take bugawa. Sau biyu."

"Koma gefe."

Ta dafa bango, ta ɗaga lafiyayyar ƙafar, ta buga sau biyu.

Daga ciki aka rage ƙarar talabijin. Sai jan silifa, a hankali, na mutumin da bai da gaggawa a duniya. Sai muryar tun kafin ya iso.

"Haba Yaya, sai yanzu? Tun safe yaran nan ba su sa komai a ciki ba, gas ma ya ƙare, ina ta kira ba kya..."

Ya buɗe ƙofar.